Darasi na Tara: Famfas, Yoyo da Layi Mai Canza Launi

Ku ɗauki sabon famfas ku shimfiɗa shi. A ido abu ɗaya ne, amma hawa-hawa aka yi shi. Na sama, wanda ke taɓa fatar jariri, yana barin fitsari ya wuce ciki, shi kuwa ya zauna a bushe. Na baya siririyar leda ce mai tare ruwa. Babban aikin yana tsakiya, inda aka cakuɗa audugar itace da wasu 'yan ƙwayoyi farare masu kama da gishiri. Sunansu sodiyam foliyakirilet, amma ba sai kun haddace ba. A shekarun 1980 aka soma sa su a famfas. Suna shanye fitsarin da ya kai nauyinsu kusan sau 30, su kumbura su zama jeli. Kunzugun tsumma in an matsa shi yakan maido da ruwa. Jelin nan kuwa yakan riƙe abinsa, ko yaro ya zauna daɓas a kai.

To me ke kawo yoyo? Sau da yawa laifin ɗauri ne. Ku duba inda famfas ke zagaye cinya, akwai 'yar tattara mai roba. Bayan kun ɗaura, ku zura yatsa ku fiddo ta waje, don in ta naɗe ciki ta nan fitsari zai bi. A ƙugu, yatsu biyu su iya shiga. Namiji a kwantar masa da gabansa ƙasa. Girma kuma da nauyin yaro ake zaɓa, ba da watanninsa ba, kuma an rubuta kilo a jikin ledar da famfas ɗin ke zuwa a ciki. In roba na barin jan shaida a cinya, ya yi masa kaɗan.

Wasu famfas suna da layi rawaya a waje, daga gaba zuwa baya. Rini ne da ke juyewa shuɗi in danshi ya taɓa shi. Yana hutar da uwa buɗe-buɗe cikin dare, sai dai kada a dogara da shi kacokan, domin bai cika nuna kashi ba. Kashi kuwa ba a jira da shi, shi ke saurin sa fata ja da ƙuraje.

Aiki: Ku zuba rabin kofin ruwa a sabon famfas, ku jira minti biyar, ku matsa da tafin hannu. Hannun ya jiƙe? Ku yanka tsakiyar ku ga jelin, sannan ku barbaɗa masa gishiri, za ku ga ya saki ruwa. In kun gama ku ƙulle a leda ku jefa a shara, nesa da yara.