Yadda Ake Zaɓen Rigar Sulke Da Yadda Ake Sabawa Da Ita

Kafin ka tambayi kuɗin rigar sulke, tambayi kanka wace irin bindiga kake gudu. Nan ne mafi yawan masu saye suke yin asara. Mutum zai sayi riga mai laushi da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kaftani, ya kama hanyar Birnin Gwari yana ganin ya tsira, alhali an yi ta ne don ƙaramar bindigar hannu. Harsashin AK-47 yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa ɗaya, yana ratsa irin wannan riga gaba da baya.

Ma'aunin da kamfanoni suka fi bi shi ne na NIJ, hukumar bincike ta ma'aikatar shari'ar Amurka. A tsarin 2008, matakin II da IIIA riguna ne masu laushi, na zaren Kevlar da danginsa, kuma iyakarsu harsashin fistol. Daga mataki na III ake shiga faranti masu tauri da ake zurawa a aljihun rigar gaba da baya, su ne na manyan bindigogi. Mataki na IV an gwada shi da harsashi mai huda ƙarfe. A 2023 an sauya sunayen: HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, RF1 zuwa RF3 na manya. Abin lura ga mutumin Kaduna shi ne, tsohon gwajin mataki na III bai haɗa da harsashin AK mai ƙwayar ƙarfe a ciki ba, amma sabon RF1 ya haɗa da shi. Don haka idan farantin na tsohon tsari ne, nemi takardar gwaji ka ga an rubuta 7.62x39 a ciki, wato girman harsashin AK. Rigar harsashi kuma dabam take da rigar wuƙa. Tsinin wuƙa ko kibiya yana iya raba zaren ya wuce, sai in an rubuta cewa an gwada ta da suka.

Faranti iri uku ne, kowanne da aibinsa. Na ƙarfe ya fi araha da juriya, sai dai guda ɗaya yakan kai kilo 3 da rabi zuwa 4, kuma idan harsashi ya fashe a kansa ɓarɓashin yana fantsama sama zuwa haɓa da wuya, ko ƙasa zuwa cinya, matuƙar ba a lulluɓe shi da roba mai kauri ba. Na tangaran yana farfasa harsashin ya cinye ƙarfinsa, nauyinsa tsakanin kilo 2 da rabi da 3 da rabi, amma faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya tsaga shi ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Na polietilin, wato wani nau'in roba mai ƙarfi, ya fi duka sauƙi, kusan kilo ɗaya da rabi, ga tsada, ga ƙin zafi. Wanda ya saba barin kaya a but ɗin mota a zafin ranar Maris da Afrilu, ya san wannan farantin ba zai yafe masa ba. A ganinmu, ga direba ko mai gadi da zai wuni da ita, tangaran ko haɗin tangaran da polietilin ya fi dacewa.

Sai maganar doka, wadda ta fi kamata a gama da ita kafin a biya ko sisi. Shigo da rigar sulke Najeriya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. A Kakuri akwai DICON, masana'antar kayan tsaro da aka kafa a 1964, wadda aka buɗe wa sashen ɗinka irin waɗannan riguna a 2012, amma abokan cinikinta na farko jami'an tsaro ne. Saya daga dillalin da zai ba ka rasit da kwafin izininsa, ka riƙa yawo da su. Guji launin kakin soja, domin an hana farar hula sa shi, kuma a shingen bincike da dare babu mai jiran dogon bayani. Rage gudu, kunna fitilar cikin mota, ɗora hannu a kan sitiyari, ka faɗa da bakinka cewa kana sanye da ita kafin a gani. Ɗan sa-kai ko mai gadin unguwa ya tabbata ofishin 'yan sanda na yankinsa ya san da ita.

Wannan ba kayan gwanjo ba ne da za a ɗaga a duba a yi ciniki kamar rigar sanyi a Kasuwar Barci. Duba tambarin da ke jikin farantin kansa: sunan kamfani, mataki, lamba, ranar ƙira, da gefen da zai fuskanci waje. Yawancin kamfanoni shekara 5 suke ba wa mai laushi garanti. Idan babu rana, ko ledar da ta rufe zaren ta yage, bar ta.

Awo shi ne abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne rabin aikin. Sa yatsa a ramin da ke ƙasan maƙogwaro, inda ƙasusuwan wuya biyu suka haɗu. Saman farantin gaba a nan zai tsaya. Faɗinsa ya rufe daga kan nono zuwa kan nono, ƙasansa ya tsaya kamar yatsu uku a saman cibiya idan kana tsaye. Na santimita 25 da 30 yana yi wa yawancin maza daidai. Na baya ya daidaita da na gaba a tsawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin maɗaurin kafaɗa har farantin ya sauko ya rufe tumbi don ya fi daɗi, a bar saman zuciya da manyan jijiyoyin jini a buɗe. Ɗaure gefe yadda za ka iya jan dogon numfashi, amma idan ka yi tsalle ba ta bugun haɓarka. Zauna a kujerar mota ka ɗaura bel. Yi ruku'u da sujada. Idan ta shaƙe ka a ɗaya daga cikinsu, ta yi maka tsawo.

Jiki ba ya karɓar wannan nauyi rana ɗaya. Fara da minti 20 na tafiya bayan Asuba, ka riƙa ƙara minti 10 duk bayan kwana biyu, har ka kai awa ɗaya cikin kamar kwana tara, sannan ka fara gwada ta da hantsi. Sa singileti a ciki don gumi da ƙurajen zafi. Idan rana ta take, sha kamar leda ɗaya ta fiya wata duk rabin awa, kada ka wuce leda uku a awa. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta a cire ta nan take a nemi inuwa. Mai azumi ya mayar da atisayensa bayan shan ruwa.

Bayan nan sai motsin da za ka buƙata da gaske. Ajiye ta wuri ɗaya kullum, maɗauri a buɗe ta gefe guda, ka koyi sa ta cikin duhu a ƙasa da daƙiƙa 30. Koyi fita daga mota ta ƙofar da ba taka ba, domin farantin yana maƙalewa a giya da sitiyari. Koyi faɗuwa ƙasa, rarrafe mita 10, miƙewa, da gudun mita 50 zuwa mafaka. Mafaka tana nufin injin mota, kwalbati, tudun ƙasa ko ginin kankare. Ƙofar mota da langa-langa suna ɓoye ka ne kawai. Ka tuna hammata, wuya, mara da cinya duk a buɗe suke, kuma jijiyar cinya tana iya zubar da jinin mutum cikin 'yan mintoci. Saboda haka maƙala maɗaurin tsayar da jini a gaban rigar, inda kowane hannu zai kai, ka koyi ɗaura shi da hannu ɗaya, yatsu uku sama da rauni, ba a kan gaɓa ba.

Kada ka taɓa gwada ta a jikin mutum, kamar yadda wasu ke yi da maganin bindiga. Farantin da aka harba ya gama aiki. Ko riga ta tare harsashi, ma'aunin NIJ ya yarda ta lotsa ciki har milimita 44, wanda ya isa ya karya haƙarƙari ko ya jawo zubar jini a ciki. Duk wanda aka harba ya tafi asibiti ko bai ga jini ba. Dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Wajen wanki, zare faranti ka wanke ƙyallen kaɗai, su kuma a goge da tsumma mai ɗan danshi, babu bilic, babu guga, babu shanya a rana. Da damina a bar ta ta sha iska a ɗaki kafin a ajiye, a kwance, ba a ninke ba. Duk wata ka ƙwanƙwasa farantin tangaran da kuɗin ƙarfe ka ɗan murɗa shi kusa da kunne. Idan sautin ya mutu a wani wuri, ko ka ji ƙas-ƙas kamar yashi, canja shi.