Kurakuran da aka fi yi wajen tura kayan abinci ƙasar waje ta jirgin ruwa

Kayan farko da na tura Ingila daga Jega kwali arba'in ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gabu da zoɓo. A watan Maris na shanya su, lokacin da ranar Kebbi ke busar da komai ƙayau. Da suka isa, mai karɓa ya turo mini hoto. Kwalayen sama sun jiƙe sun lotsa, daddawar ta yi fari fat da funfuna. Na ɗauka ruwan teku ne ya shiga, ashe kwantenar ce ta yi gumi.

Da wannan zan fara, domin ya fi cin mu 'yan Arewa. Bushewar garinmu tana ruɗin mu. Kaya kan bar Birnin Kebbi su bi ta Yawuri, Kontagora, Mokwa da Jebba har Legas, inda iska ke ɗauke da danshi dare da rana. Can za su yi zaman jira a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can, sannan su yi makonni a kan ruwa. Kwantena kuwa akwatin ƙarfe ce. Da rana ta ɗauki zafi, da dare ta huce, danshin da aka rufe a ciki ya taru a rufinta kamar raɓa, ya riƙa ɗiga a kan kaya. In jirgin ya doshi ƙasar sanyi, abin ya ƙara muni.

Gyaran tun daga gida yake farawa. A rufe kowane ƙunshi a nan, cikin leda mai kauri da aka liƙe bakinta da inji. Ƙulli da zare ba ya hana iska shiga. Kada a dogara da taunawa da haƙori wajen gane bushewar hatsi, akwai ƙaramar na'urar auna danshi, kuma kuɗinta bai kai asarar kwali biyu ba. Ranar lodi, kai ko wakilinka ya shiga kwantenar a rufe masa ƙofa. In ya hango haske ko da kamar ƙofar allura ne, a canja ta. Ya shinshina kuma, don wadda ta ɗauko sinadari ko fata ba ta dace da abinci ba. A rataya jakunkunan shanye danshi a bango, a shimfiɗa takarda mai kauri a saman kaya. Ita daddawa a ninka mata leda, in ba haka ba zoɓo da garin ɗanwake duk za su ɗauki warinta.

Da mutum ya ji batun ƙwaro a doguwar tafiya, abin da ke faɗo masa shi ne fiya-fiya. Wallahi wannan ya fi ba ni takaici. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an sha samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima, wato gubar da ke cikin irin wannan maganin. Hannun wasu ya jawo wa manoman ƙasa baki ɗaya. Ko ba don Turawa ba, wanda zai ci waken nan ɗan'uwanka ne da ya yi kewar abincin gida. Buhun PICS mai gida uku yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sannan ka san wa ya sayar maka. Buhun da ka ɗauka a kasuwa ba ka san ajiyar da ya yi ba, don haka gara ka bi manomi tun a kaka.

Gyaɗa, ƙuli-ƙuli da barkono suna da tasu matsalar: gubar aflatoksin da funfuna ke bari a kayan da aka shanya a ƙasa ko aka ajiye da ɗanyantaka. Ido ba ya ganin ta, suya ba ta kawar da ita. Kai samfuri ɗakin gwaji kafin ka biya kuɗin mota.

Akwai kuma kayan da ko sun yi kyau ba za su shiga ba. Kilishi da dambun nama daga Najeriya ba su da hanya zuwa Ingila, Turai ko Amurka. Tun 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗarmu, saboda haka mai shirin tura bandar Yawuri ko ta Argungu ya fara binciken dokar ƙasar da za ta je. Wasu kan cusa kwali ɗaya a tsakiya su ce Allah ya rufa asiri. In aka gano shi, kwantenar duka ake tsarewa, kuma idan ta haɗaka ce, ka ja wa bayin Allah da ba su ji ba su gani ba.

Rubutun jikin leda ma ana raina shi. Sunan abu, abubuwan da aka haɗa shi da su, nauyi, ranar lalacewa da adireshi, duk su fito cikin harshen da ƙasar ta yarda da shi. Yaji mai ƙuli-ƙuli dole a bayyana cewa akwai gyaɗa a ciki, don akwai waɗanda take iya hallakawa. Ka kuma lissafa kwanakin hanya: abin da saura wata huɗu ya lalace ba kayan jirgin ruwa ba ne.

Takardu ba su da wuya in an fara da wuri. Rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), rajistar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kaya waje (NEPC), fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar tantance amfanin gona (NAQS), da ta NAFDAC ga abincin da aka sarrafa. Mai turawa Amurka sai an sanar da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta can, kafin kaya su isa. Inda ake tuntuɓe shi ne saɓani: rasit ya ce kwali 200, takardar jirgi ta ce 198, ko a rubuta “kayan abinci” kawai maimakon a jera su ɗaya bayan ɗaya. Katakon da ake ɗora kaya a kai shi ma sai mai hatimin ISPM 15, wato shaidar an kashe ƙwarin da ke cikin katakon. Kuma Babban Banki yana sa ran kuɗin cinikin su dawo asusunka cikin kwana 180.

Farashin da ejan jigilar kaya ya faɗa maka a waya, tambaye shi iyakarsa: har tashar Legas, har tashar can, ko har ƙofar shagon mai saye? Ni ban tambaya ba a karon farko, sai da kaya suka sauka muka fara jayayya kan wanda zai biya kuɗin fito, alhali kuɗin zaman kaya a tasha yana hawa kullum. Yanzu ba na ɗora ko kwali ɗaya sai an rubuta wannan a takarda, an sa hannu, na kuma yanki inshora.