Agogon da Baba ya bari: kurakuran da ke karya masa daraja tun kafin a raba gado

A gidaje da yawa na Katsina da Daura, idan aka buɗe akwatin mamaci za a tarar da agogon hannu a ƙarƙashin riguna, ko cikin aljihun jakar da ya je aikin Hajji da ita. Rado ne ko Omega ko Seiko, jefi-jefi kuma Rolex. Wani a Jidda aka saye shi, wani a manyan kantunan Kano zamanin Kingsway da UTC, wani kuma wurin aiki ne suka ba shi ranar da ya yi ritaya, da sunansa a rubuce a murfin baya. Yawancin asarar da ake tafkawa a kan irin wannan agogo cikin makonnin farko take faruwa, kuma masu ƙaunar mamacin ne ke yin ta da zuciya ɗaya. Dalili shi ne, mu mun saba idan abu ya tsufa a wanke shi a goge ya koma sabo, alhali tsohon agogo mai tsada darajarsa tana cikin zamansa yadda kamfani ya ƙera shi. Duk abin da aka canza masa, kuɗi aka cire.

Kuskuren farko ma ba na gyara ba ne. Ana gama sadakar uku sai a ga agogon a hannun babban ɗa. Idan ƙanwarsa ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, wannan ba na Baba ba ne?" sai ya ce ai Baba ya sha faɗa masa cewa nasa ne. Agogo dukiya ce kamar gona da gida, yana cikin abin da za a raba bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu tana komawa cikin gado. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magada, abin ya ƙara nauyi. Gyaran wannan mai sauƙi ne: a rubuta agogon cikin jerin kayan mamaci, a ɗauke shi hoto gaba da baya da gefe, a ba wani baffa ko kawu da kowa ya yarda da shi ya ajiye, har a san ko mene ne shi da nawa ya kai.

Sai kuma gwaji. Kowa ya ɗauka sai ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya murɗa kan da ke gefe ya ga ko zai tashi. Sau da yawa yakan tashi, kuma tashin nasa ba shaidar lafiya ba ce. Man da ke cikin inji ɗigo ne ƙanana da ido da kyar yake gani, kuma bayan shekaru a ajiye ya bushe ko ya daskare ya kama ƙura. Idan aka bar shi yana tafiya a haka, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, irin ƙarfen da wani an daina ƙera shi tun kafin a haifi mai gwajin. In kan ya yi tauri, kada a matsa masa. Kada kuma a canza kwanan wata alhali hannayen agogon suna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, domin a wannan lokacin haƙoran da ke juya kwanan wata sun riga sun kama aiki, tilasta su na iya karya su. Mai batir shi ne kaɗai ke buƙatar gaggawa: a cire tsohon batirin, don idan ya tsiyaye yakan cinye injin.

Wajen mai gyara

A nan ne ɓarna mafi girma take. Mun san teburin mai gyaran agogo a bakin kasuwa: akwatin gilashi cike da batura da maɗaurai, ɗan madubi a ido ɗaya, wuƙar buɗe murfi, ga ƙurar hunturu tana sauka a kan komai. Mutumin kirki ne, kuma a kan canza batir ko rage sarƙa ba shi da na biyu. Amma ka miƙa masa Omega ta shekarun 1960, ya juya ta ya ce, "Alhaji, wannan ai sai an wanke shi, fuskar ma ta dafe, bari a sa masa sabuwa." Daga wannan maganar gyaran gangar Abzinawa ya fara.

Wankin da ake nufi sau da yawa shi ne a tsoma injin ɗungurungum cikin fetur, a hura masa iska, a ɗiga man keken ɗinki. Zai yi tafiya wata biyu ko uku. Gyara na gaskiya shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane yanki, a mayar, a sa mai kala-kala kowanne a gurbinsa, a canza robobin da ke tare ruwa, sannan a ɗora shi a na'urar da ke auna saurinsa. Aiki ne na kwanaki ko makonni. Wanda ya ce ka je ka yi sallar La'asar ka dawo ka karɓa, ba wannan aikin zai yi ba. Tambaye shi ko yana da na'urar auna gudu da ta gwada shigar ruwa, da kuma abin buɗe murfin da ya dace da wannan agogon. Murfin Rolex murɗe shi ake yi da mabuɗinsa na musamman. Wanda ya sa masa almakashi ko kurfi zai bar tabon da ba ya gogewa. In ba a samu mai waɗannan kaya a kusa ba, gara a haƙura har a samu hanyar Kano ko Abuja ko Legas. Agogon da ya yi shekara ashirin a akwati ba zai lalace don ya ƙara wata shida ba.

Fuskar nan da aka ce ta dafe, ita ce abu mafi tsada a jikin yawancin tsofaffin agogo. Masu saye a duniya suna son launin da shekaru suka ba ta, ruwan ƙasa ko ruwan madara, suna kuma ƙara kuɗi a kansa. Fuskar da aka sake wa fenti, ko aka goge da tsumma da ruwan wanki, ta rasa wannan har abada. Haka goge jiki da injin gogewa: yana cire ƙarce, amma ƙarfe yake ci, kusurwoyin da kamfani ya fitar da kaifi sai su zama sulɓi, wanda ya san agogo kuwa kallo ɗaya zai yi ya gane. Gilashin roba na tsofaffin agogo shi kam ana iya goge shi da man gogewa ƙarcen ya fita, ba sai an canza ba.

Akwai kuma batun lafiya da ba a cika sani ba. Abin da ke haske da dare a kan lambobi da hannayen agogo, har zuwa farkon shekarun 1960 da sinadarin radiyom ake haɗa shi, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ko ya daina haske, haɗarinsa yana nan, musamman garinsa idan aka kankare aka shaƙa. Kada a buɗe irin wannan a gida, kada a kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Bayansa aka koma wa tiritiyom har zuwa ƙarshen shekarun 1990, kuma za ka ga alamarsa a ƙasan fuska, wajen ƙarfe 6, an rubuta T SWISS T ko SWISS T<25. Shi wannan cikin kimanin shekara 12 yake raguwa da rabi, don haka rashin haskensa yau daidai ne. Mai wannan alama da ke ta ƙyalli har asuba, an taɓa shi.

Ko wurin wa za a kai, har manyan wuraren gyara na kamfanoni, a faɗa a kuma rubuta a takarda: inji kawai za a yi wa aiki, ba gogewa, ba canza fuska ko hannaye, kuma duk abin da aka cire a dawo da shi cikin leda. In ba a faɗa ba, al'adarsu ita ce su mayar da agogo kamar sabo. Ni ina ganin ma bai kamata a yi gyaran ba sai bayan an ƙiyasta an raba, domin mai saye na gaske ya fi son agogon da ba a taɓa ba, kuma kuɗin gyara kafin rabo daga dukiyar magada zai fita.

Gane na gaske da jabu

Ana yawan cewa idan hannun daƙiƙa yana tafiya sumul to orijina ne, idan yana tsalle jabu ne. Wannan ba hujja ba ce. Jabu masu inji suna tafiya sumul, kuma Rolex da kanta ta yi mai batir, Oysterquartz, tun daga 1977, wanda ke tsalle daƙiƙa-daƙiƙa. Nauyi ma ana kwaikwayonsa. Abin dogaro shi ne lambobi da inji. A tsohuwar Rolex sai an cire sarƙa: tsakanin ƙafafun riƙe sarƙa da ke wajen ƙarfe 12 akwai lambar samfuri, wajen ƙarfe 6 kuma lambar agogon kansa, wadda ke nuna kusan shekarar da aka yi shi. Omega a jikin inji take sa tata lambar, ta samfuri kuma a cikin murfin baya. Seiko ta fi kowa sauƙi: lambar farko a bayanta ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka yi ta, ta biyu kuma wata.

Abin da ya fi jabu wahalar ganewa shi ne haɗe-haɗe: jiki na gaske, fuska daga wani agogon, inji daga na uku. Agogon da ya sha zuwa wajen masu gyara tsawon shekara arba'in yakan zama haka ba da nufin kowa ba. Manya ma sun faɗa wannan rami. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wata Omega Speedmaster ta 1957 a Jeniba a kan sama da miliyan 3 na kuɗin Suwizalan, sai a 2023 kamfanin ya bayyana cewa harhaɗa ta aka yi daga sassan agogo daban-daban.

Farashi

Magada sukan kasu biyu. Wasu su kai wa mai gwal ya ɗora a sikeli. Idan an ga 750 a cikin murfi, zinare ne karat 18, 585 kuma karat 14, amma da yawa ruwan gwal ne kawai aka yi musu a kan ƙarfe. Ko na zinaren ne, sikeli ƙasan farashi yake nunawa, kuma akwai Rolex ta farin ƙarfe da ta fi ta zinare tsada nesa ba kusa ba. Agogon da aka narkar kuwa ya tafi ke nan.

Wasu kuma ɗan gidan da ya iya waya zai duba intanet ya dawo da labarin Rolex Daytona ta ɗan fim Paul Newman da aka sayar dala miliyan 17.8 a 2017, daga nan kowa ya fara lissafin gida da mota. Wancan sunan mai shi aka saya. Farashin da ake gani a shafuka irin su Chrono24 abin da mai kaya ya sa ne, ba abin da aka biya ba. A nemi sakamakon gwanjon da aka riga aka yi na wannan lambar samfurin, a tuna kuma cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai saye ya biya la'adar masu gwanjo ce. Gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's suna duba hotuna su ba da ƙiyasi ta intanet. Gaskiyar da ba a son ji ita ce, Rado DiaStar da iyayenmu suka so tun fitowarta a 1962, da Seiko 5 ta 1963, agogo ne nagari amma an yi su da yawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Gara a san haka da wuri, kafin zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa.

Kada wanda zai saya ya zama shi ne mai ƙiyasi. A ji ta bakin mutum biyu ko uku, kada kuma a bar agogon ya kwana wajen dillali ba tare da takarda mai ɗauke da lambarsa ba, don ana iya musanya inji a dawo da jiki. A binciki akwatin mamaci da kyau kafin a zubar da tsofaffin takardu: rasit, kwali, takardar garanti, ragowar sarƙar da aka rage, har hotonsa sanye da agogon, duk suna ƙara kuɗi. Don rabon gado, farashin da za a iya samu a hannu shi ne abin lissafi. In ɗaya daga cikin magada yana son riƙe shi, a sa masa a cikin kasonsa ko ya biya saura, da yardar kowa a gaban shaidu. In na zinare ne, a tuna cewa bai halatta namiji ya sa shi ba, sai a sayar ko ya faɗa kason mace.

Wanda agogon ya zama nasa, rubutun da ke baya cewa ruwa ba ya shiga alkawarin shekara hamsin da suka wuce ne, robobin sun daɗe da bushewa. A cire shi kafin alwala, a sa a aljihu ba a gefen buta ba. In aka ga hazo a cikin gilashi, a kai wa mai gyara a ranar, tsatsa ba ta jira. A fesa turare ya bushe kafin a ɗaura. Kada a ajiye shi a kan sifika ko murfin waya mai maganaɗisu. In ya fara gudu da mintuna a rana, yawanci maganaɗisu ne ya kama shi, kuma cire maganaɗisun aikin 'yan daƙiƙu ne ga mai na'urar. Katsina garin ƙwallon dawaki ne tun zamanin Sarki Dikko, kuma don 'yan wannan wasa aka ƙera agogon Reverso a 1931, mai fuskar da ake juyawa ciki don kada sanda ta fasa ta. Sauran tsofaffin agogo ba a yi su don sukuwa ba, saboda haka ranar hawan Sallah a bar shi gida. In ana sa shi kullum, a kai shi gyara duk bayan shekara biyar zuwa bakwai. In kuwa ajiye shi za a yi, a samu wuri busasshe nesa da danshin damina, a riƙa murɗa shi sau ɗaya a wata, a ajiye ledar tsofaffin sassansa da takardar mai gyara tare da shi.