Kurakuran da muke yi in mun haɗu da wasu mafarauta a bakin daji da zango

An kwashe amfanin gona, ciyawa ta fara bushewa, kowa ya ɗauko gora da barandami yana shirin dawa, to kafin mu fita bari in faɗi wasu abubuwa da na daɗe ina gani suna jawo mana rigima da junanmu. Kullum ana cewa a kan nama aka yi faɗa, ni kuwa a ganina yawancin faɗan tun daga bakin daji ake ƙulla shi, naman kawai dalili yake zama.

Ka iso da asuba ka tarar da babura bakwai a jingine ƙarƙashin kuka, ga sawun karnuka sabo, kai ma ka san akwai mutane a ciki, amma sai ka kafe naka ka kutsa ko sallama babu wai ai daji ba na uban kowa ba ne. Gaskiya ne ba na uban kowa ba ne, amma wanda ya riga ka zuwa ya riga ka. In sun bar yaro yana gadin kaya ka tambaye shi su waye, daga wane gari, gabas suka yi ko kudu, sai kai ka ɗauki wani ɓangaren. In ba kowa ka busa ƙaho ka jira amsa. Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, maganar rai ce, don harba-ruga ba ta san ɗan uwa ba, kuma mai yawon dare da fitilar goshi ƙyallin ido kawai yake nema, motsi kaɗan a duhuwa ya ɗana. Sannan don Allah a daina ajiye mota ko babur a kan burtali ko hanyar amalanke.

Wanda aka tambaya shi ma yana da nasa laifin. Ba wanda ya ce ka tona inda zabbi suke kwana, wannan sirrinka ne, amma kar ka ce yamma za ka alhali gabas ka nufa. Ka ce "mu dai wannan kwarin muka riƙe yau", ya isa.

A zango kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya ga fili iya ganinsa amma sai ya zo ya kafa bukkarsa a gindin ta wasu, ga karnuka a sake. Karen da bai san kare ba me kake jira in ba cizo ba, kuma kowa ya san mafarauci gara ka zage shi da ka taɓa masa kare. Ka matsa inda muryarku ba za ta dame su ba, ka ɗaure karnukanka, sannan babbanku ya taka da ƙafarsa ya je ya gaisa da babbansu, ko goro biyu ne ya riƙa. Kar a tura yara, yara da zafin kai suke zuwa. Masu sauka a bakin mashaya su ma su gyara, da rani tafki ɗaya ne ya rage wa dabbobin dawa da shanun Fulani da mu baki ɗaya, in ka hura wuta a nan hayaƙi da warin mutum sun kori nama ga kowa har da kai. Gangi da kirari kuwa ba wanda ya hana, amma yi wa kanka kirari a gaban zangon wasu tsokana ce ko ka ce ba haka kake nufi ba. Yanzu har da masu kunna waƙa a sifika tsakar dare, haba.

Sai babbar magana, nama. Karenka ya tayar da zomo, na wani ya kama. Ko ka harbi gada ta gudu da rauni ta je ta faɗi a gaban wasu. Na waye? Al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, wasu na wanda ya tayar suke ba wa, wasu na wanda karensa ya fara kai baki, wasu a raba, kuma kuskuren shi ne kowa ya zo da dokar garinsu a kai yana ganin ita ce ta duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun a gaisuwar nan ta farko manyan biyu su tsayar da wacce za a bi, in kuma abu ya faru a ajiye naman a ƙasa, kowa ya ja baya da makaminsa, manya su yanke. Na taɓa ganin an fasa wa mutum kai a kan zomon da karnuka suka riga suka yayyaga, ko miya ba zai yi ba. Ga kuma ɓangaren addini da da yawa ba sa kulawa: a hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, an hana cin abin da ka tarar ya mutu alhali akwai wani kare tare da naka ba ka san wanne ya kashe ba, don a kan naka ka yi bismillah. Kenan wani lokacin abin da ake zare adda a kansa sai ma an tambayi malam kafin a sa a baki. In da ransa kuwa a fara yankawa tukuna, gardama ta biyo baya.

Tarkon wani ba a taɓawa ko da ka ga ya kama, sai dai ka yanka don kar ya zama mushe ka kai masa ko ka aika. Mai tarkon kuma kar ya ɗana na ƙarfe a kan turbar da mutane da karnuka suke bi. Cinna wa daji wuta don gafiya ta fito shi kam ban ma san ta inda zan fara ba, iskar hunturu ta kwashe ta sai zangon wasu, sai karan mutane da harawarsu. Kayan ciki a binne nesa, wutar banda a kashe ta da ƙasa kafin a tashi.

Kuma kar ku sauka a dajin da ba naku ba ba tare da kun je wajen mai unguwa ko dagaci da sarkin bakan yankin ba. Zamani ya canja, baƙo da bindiga yanzu ba a yi masa kallon da. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa Kano ba, Allah ya jiƙansu, zalunci aka yi musu tsantsa. Ku riƙe katin ƙungiya, ku bar mutanen gari su san fuskokinku da ranar da za ku tashi, su ne ma za su nuna muku inda iyakar gandun gwamnati ta fara, don irin su Yankari da Falgore da Kamuku ba wurin farauta ba ne, in ma'aikatan gandu suka kama mutum ɗaya duk zangon ne zai sha tambaya.