Yadda Ake Fito da Haƙorin Gaba da Ya Maƙale a Dasashin Yaro

Haƙoran gaba na sama na dindindin sukan tsiro ne tsakanin shekara 7 zuwa 8, bayan famfara. Idan ɗaya ya fito, ɗan'uwansa kuma ya wuce wata 6 bai leƙo ba, ko kuma na gefe suka riga shi fitowa, to lokacin ganin likitan haƙori ya yi. A ganina babban kuskuren iyaye shi ne zaman jira, domin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkato su cinye gurbin.

Da farko likita zai tambayi ko yaron ya taɓa faɗuwa a kan bakinsa yana ƙarami, saboda bugun da ya tura haƙorin nono cikin dasashi yana iya lanƙwasa saiwar wanda ke tasowa a ƙarƙashinsa, ko ya ɓata masa siffa. Daga nan sai a ɗauki hoton X-ray na muƙamuƙi, a ga inda haƙorin ya kwanta da abin da ya tare masa hanya, wanda sau da yawa wani ƙarin haƙori ne da ya tsiro a ɓoye.

Mataki na gaba shi ne cire abin da ya tare hanyar, sannan a sanya ƙarfen gyaran haƙori don a buɗe gurbi. Idan yaron bai kai shekara 9 ba kuma saiwar ba ta gama girma ba, haƙorin yakan sauko da kansa cikin watanni.

Idan bai sauko ba, sai a yi ƙaramar tiyata a ɗaga dasashi, a manna wa haƙorin ɗan maɓalli mai siririyar sarƙa, a mayar da dasashin a ɗinke. Da wannan sarƙa ake jawo shi a hankali, kuma nan ne ake buƙatar haƙuri, domin ja da ƙarfi yana cinye saiwa, yana kuma janye dasashi. Aikin yakan kai shekara ko fiye, kuma dole a riƙa goge baki sosai a kewayen ƙarfen.

Bayan ya daidaita da 'yan'uwansa, ana gyara siffarsa da ciko mai launin haƙori idan akwai buƙata, a sanya abin riƙe shi don kada ya koma. Haƙorin da ya manne da ƙashi, ko saiwarsa ta lanƙwashe ƙwarai, cire shi ake yi, a tsare gurbin da haƙorin wucin gadi har yaron ya gama girma kafin a yi maganar dashen haƙori.