Yadda ake neman shiga Kanada ga mai tsohuwar shari'a a kansa

Tsohon laifi ba ya rufe maka ƙofar Kanada har abada. Wani abin da ke kayar da mutane shi ne ɓoye shi.

Fara da tattaro takardunka. Je kotun da ta yi shari'ar ka karɓi kwafin tuhumar da na hukuncin, da shaidar cewa ka gama zaman kaso ko ka biya tara. Ko sallamarka aka yi, ko an janye ƙarar, karɓo takardar da ta nuna haka, don jami'i ba ya aiki da "ai an wanke ni". Haɗa da takardar shaidar hali daga 'yan sandan ƙasarka. Wadda ba da Turanci ko Faransanci take ba, a kai wa mai fassara da aka amince da shi.

Sai ka gano nauyin laifin a ma'aunin Kanada, domin da dokarsu za su auna shi, ko da a gida ana ganinsa ƙarami. Tuƙi cikin maye misali ne: tun Disamba 2018 hukuncinsa na iya kai shekara 10, ya shiga sahun manyan laifuka. Nan ne na ga ya dace a biya lauya, in da hali.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ake yawan kuskure. Ba daga ranar kamu ake ƙirga ba, daga ranar da hukuncin ya ƙare kaf ne, har da sisin ƙarshe na tara. In shekara 5 ta cika, kana iya cike fom IMM 1444 ka roƙi IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada, ta amince cewa ka gyaru. In ta amince, wannan laifin ba zai sake tare ka ba. Nema da wuri, yakan wuce shekara ana jira. In laifi ɗaya ne, mafi girman hukuncinsa a dokar Kanada bai kai shekara 10 ba, kuma shekara 10 ta wuce ba ka sake ba, ana iya ɗaukar ka gyaru ba tare da wannan roƙon ba.

Wanda lokacinsa bai cika ba amma tafiyar ta zama dole, kamar jana'iza ko aiki, sai ya nemi izinin shiga na wucin gadi da ake kira TRP, ya kawo hujja mai ƙarfi.

Fom ɗin biza zai tambaye ka ko an taɓa kama ka, ko tuhumarka, ko yanke maka hukunci a kowace ƙasa. Don Allah ka ce e, ka yi bayani, ko da ɗan kamasho ya ce ka share. Ƙarya a nan na jawo haramcin shiga na shekara 5. Ranar tafiya kuma ka riƙe takardun a jakar hannu, domin ko da biza a fasfo, jami'in CBSA, hukumar tsaron iyakokin Kanada, ne mai yanke magana a bakin iyaka.