Yadda ake cire kalar abinci daga ruwa da hasken rana

Da farko, narkar da ɗan kalar abinci mai ruwan ɗorawa, wato tartrazine, cikin lita 1 na ruwa. Kar launin ya yi duhu, in ba haka ba haske ba zai ratsa ba.

Zuba giram 1 na hodar titanium dioxide, wani farin sinadari, ka rufe hancinka. Juya cikin duhu na minti 30 don kalar ta manne wa hodar. Masu gaggawa kan tsallake wannan, sakamakonsu ya ruɗe.

Sannan ka kai ruwan rana a faranti mai faɗi, kana juyawa. Hasken UV, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, shi ne ke zaburar da hodar ta farfasa sinadarin kalar. Ajiye wani farantin marar hoda a gefe don kwatance.

Launi ya gushe, sai ka tace hodar. Ruwan na gwaji ne, kar a sha.